Galektin a fatar ɗan Adam: furotin ɗaya, aikinsa ya danganta da inda ya tsaya

Duk wanda ya taɓa faɗuwa ya kurje gwiwa ya ga abin da ke biyo baya, ko da bai tsaya ya lura ba. Jini ya tsattsafo, ya daskare, ɓawo ya rufe wurin. Bayan 'yan kwanaki sai gefen ɓawon ya fara ɗagawa, a ƙarƙashinsa ga wata sabuwar fata, siririya, mai sheƙi, wadda launinta bai gama dawowa ba. Rarrafe ne ya kawo ta wurin. Ƙwayoyin halittar da ke bakin ciwon, da waɗanda ke maƙale cikin ramukan gashi, su ne suka saki maƙwabtansu, suka baje, suka ja ciki ta ƙarƙashin ɓawon daga kowane gefe har suka haɗu a tsakiya. Suna haɗuwa kuma suka tsaya cak, suka sake riƙe juna. Ƙwayar halitta ba ta da ido, ba ta da kunne. To wa ya ce mata ta tashi, wa ya nuna mata hanya, wa ya ce mata ya isa haka?

Wani ɓangare na amsar yana cikin sukari, amma ba wanda ake zubawa a shayi ba. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum lulluɓe take da wata riga ta sarƙoƙin sukari iri-iri, masu rassa kamar ƙananan bishiyoyi, waɗanda ke liƙe a jikin furotin da kitsen da ke bangonta. Jiki ne ke ƙera su da kansa, tsarinsu kuma ba na ganin dama ba ne, rubutu ne da ake karantawa. Misalin da kowa ya sani shi ne rukunin jini. Abin da ya raba mai jinin A da mai jinin B sukari ɗaya ne tak a ƙarshen wata sarƙa da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, mai jinin O kuwa ba shi da wannan na ƙarshen. Wannan ɗan bambancin ya isa ya halaka mutum idan aka ƙara masa jinin da ba nasa ba. Ƙwayar cutar mura ma da wani sukarin da ke hanyar numfashi take fara kamawa kafin ta kutsa ciki.

Rubutu ba ya amfani sai da mai karatu. Masu karanta wannan rubutun wasu furotin ne da ake kira lektin. A shekarar 1888 wani ɗalibi mai suna Peter Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, ya lura cewa idan ya zuba ruwan da ya tace daga ƙwayar zurma a cikin jini, sai jajayen ƙwayoyin su dunƙule wuri guda. Bai san sukari ne furotin ɗin da ke cikin ruwan ke kamawa ba, an daɗe kafin a gane hakan. Sunan lektin sai a 1954 William Boyd na Amurka ya raɗa shi, daga wata kalmar Latin mai nufin zaɓe, domin kowane lektin da irin sukarin da yake zaɓa. An ɗauki shekaru ana yi musu kallon kayan tsirrai. A 1975 ne Vivian Teichberg da abokan aikinsa a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ciro wani daga jikin wani dogon kifi na Kudancin Amurka mai jan mutum da wutar lantarki kamar yadda minjirya ke yi. Wannan lektin ɗin galaktos yake kamawa, ɗaya daga cikin sukari biyun da suka haɗu suka yi laktos, wato sukarin madara. Daga nan aka dinga tono 'yan uwansa a jikin kaji, da shanu, da ɓeraye, da mutane, kowane ɗakin bincike yana ba nasa suna. A 1994 Samuel Barondes da wasu masana suka haɗu suka tsayar da suna ɗaya ga dangin duka: galektin. Ana lissafa kusan 15 a jikin dabbobi masu shayarwa, kowanne da lambarsa.

Biyu ne suka fi shafar fata: galektin-3 da galektin-7. Tarihin sunayen na farkon ma ya isa ya nuna wa mutum irin abin da yake hulɗa da shi. A 1982 masu nazarin garkuwar jiki suka gan shi a jikin makurofej, manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta, suka kira shi Mac-2. Wasu suka ciro shi daga ƙwayoyin da ke saƙa naman ƙarƙashin fata, suka kira shi CBP35. Fu-Tong Liu, wanda daga baya ya shafe shekaru yana aiki a kan wannan furotin da cututtukan fata, ya same shi manne da IgE, sinadarin garkuwa da ke bayan borin jini da asma, shi ma ya ba shi nasa sunan. Sai da aka jera bayanan ƙwayoyin gadon aka ga ashe mutum ɗaya ne ake ta kira da sunaye daban-daban, kowa ya gamu da shi a wata unguwa yana wata sana'a.

Ƙirarsa ce ta ba shi wannan dama. Kowane galektin yana da wani dunƙule na tubalan amino, waɗanda ake gina furotin da su, kimanin 130, a jikinsa akwai wani ɗan lungu da galaktos ke shiga ya zauna daram. Galektin-7 wannan dunƙulen ne kawai, sai dai yana tafiya bibbiyu, baya da baya, ta yadda hannu ɗaya zai kama nan, ɗayan ya kama can. Galektin-3 kuwa shi kaɗai ne a dangin mai doguwar jela. Idan kai ya kama sukari, sai jelar ta sarƙe da jelar 'yan uwanta, su taru su zama gungu mai hannuwa da yawa. Riƙon hannu ɗaya ba shi da ƙarfi ko kaɗan, amma idan hannuwa suka yi yawa sai su ɗaure furotin ɗin da ke saman ƙwayar halitta su zama kamar koma. Wannan komar tana iya riƙe eriyar da ƙwayar ke karɓar saƙo da ita ta daɗe a waje tana saurare, tana kuma iya tattara ta a ja ta ciki a kashe saƙon. Idan aka datse jelar, kan yana nan yana kama sukari, amma saƙa ta ƙare. Jiki yana da almakashinsa na yin haka, wasu ƙwayoyin cuta ma suna da nasu, za mu zo kansu.

A nan kuma gizo ke saƙar. Furotin da aka yi domin aiki a waje yakan fito da wata alama a goshinsa, wadda ke sa a bi da shi ta hanyar fitar da kaya ta ƙwayar halitta. Galektin ba shi da wannan alama. A cikin ruwan ƙwayar ake ƙera shi, wurin da irin sukarin da yake kamawa kusan babu shi, kuma yawancinsa a nan yake zama, wani har cikin cibiyar da DNA take. Wanda ke fita waje ta ɓarauniyar hanya yake fita. A ciki yana hulɗa da wasu furotin kai tsaye, jiki da jiki, ba ruwansa da sukari. Wato sunan da aka sa masa na mai kama sukari gaskiya ne, amma rabin labarin ne. A ganina duk ruɗanin da ke cikin binciken galektin a fata daga nan ya samo asali: ana auna abu ɗaya, alhali ma'aikata biyu ne ko fiye, na ciki da na waje, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Mu koma kan rarrafen nan. A 2002 ɗakin binciken Noorjahan Panjwani a jami'ar Tufts ta Amurka ya yi gwaji a kan fatar baƙin ido, wadda ita ma hawa-hawa take kamar fatar jiki. Suka yi wa idon ɓeraye ƙaramin rauni, suka ga na ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon galektin-3 ya fi jinkirin rufewa. Suka ɗiga galektin-3 a kan raunin ɓeraye lafiyayyu, rufewar ta ƙara sauri. Suka haɗa shi da laktos, saurin ya ɓace, domin sukarin madarar ya cike lungun ya hana shi kama komai. Suka gwada da sukarin rake, wanda muke sha, ko gezau. Wannan ya tabbatar da cewa a waje, ta hanyar kama galaktos yake aikin. Amma ga abin ɗaure kai: da suka ɗiga shi a idon ɓerayen da ba su da shi tun asali, waɗanda ake zaton su suka fi buƙatarsa, bai yi musu komai ba. Galektin-7 ne ya taimaka wa dukkan ɓangarorin biyu.

Shekara goma bayan haka, a 2012, ɗakin binciken Liu a jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya duba fatar jiki kanta. Ƙwayoyin saman fata suna da wata eriya mai karɓar saƙon da ke cewa a tashi a yi gaba, a kuma hayayyafa. Duk lokacin da saƙo ya sauka, ana jan eriyar ciki, daga nan ko dai a narkar da ita ko a mayar da ita waje ta ci gaba da aiki. Suka gano galektin-3 na ciki, tare da wani furotin mai suna Alix, shi ke tafiyar da wannan kai-da-komo. Inda babu shi, eriyar na taruwa a ciki ta rasa mai fito da ita, saman ƙwayar ya zama wayam, saƙo ya zo bai samu mai karɓa ba, rarrafe ya yi sanyi. Wannan aiki ne da man shafawa ba zai yi ba komai yawan galektin da aka zuba a cikinsa, domin a bayan ƙofa ake yin sa. Duk da haka kada a kai abin inda bai kai ba. Wasu masu bincike a Kanada sun ruwaito a 2016 cewa ko da yake shimfiɗar sabuwar fata na jinkiri a ɓerayen da ba su da galektin-3, raunin gaba ɗaya yana rufewa kusan lokaci guda da na sauran. Fatar ɓera sakwa-sakwa ce, tana tsukewa ta janyo bakin rauni ta hanyar da fatar mutum ba ta iyawa sosai, kuma jiki ba ya ɗora babban aiki irin wannan a kan ma'aikaci ɗaya.

Labarin galektin-7 da rana ya fi ba ni sha'awa. A 1995 aka gano shi, ƙungiyoyi biyu a lokaci guda, ɗaya a Denmark ɗaya a Faransa, dukkansu a ƙwayoyin saman fata. Ba ya yawo a jiki kamar ɗan uwansa. Mazauninsa fata ne da wuraren da ke da irin shimfiɗarta, kamar cikin baki, da maƙoshi, da baƙin ido. A 1997 ɗakin binciken Bert Vogelstein a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka yana neman ƙwayoyin gadon da p53 ke tasowa, p53 kuwa shi ne mai gadin da ke yanke wa ƙwayar da DNA ɗinta ta lalace hukuncin ko ta gyaru ko ta mutu. Na farko a jerin da suka fitar galektin-7 ne. A 1999 masu binciken Faransa suka haska wa fata hasken UVB, irin wanda ke ƙona fata a rana, suka duba ta a madubin ƙara girma. A irin wannan fata ana ganin wasu ƙwayoyi ɗai-ɗai da suka tsuke, cibiyarsu ta dunƙule ta yi baƙi, sun janye daga maƙwabtansu. Waɗannan su ne suka kashe kansu domin kada su rayu da lalatacciyar DNA su zama tushen ciwon daji. A cikinsu aka samu galektin-7 ya yi yawa fiye da ko'ina.

Galektin-3 na ciki kuwa akasin haka yake yi: an nuna yana kare ƙwayoyin saman fata daga irin wannan mutuwa bayan hasken UVB. Ɗaya na tura ƙwayar bakin rami, ɗaya na riƙe da rigarta. Ba za a ce wannan ne na kirki wancan ne mugu ba. Fatar da ƙwayoyinta ke mutuwa da an ɗan taɓa su ba za ta yi shinge ba, wadda ƙwayoyinta suka ƙi mutuwa ko da sun lalace kuma tana kiwon sankara. Ɗakin binciken Françoise Poirier a birnin Paris ya nuna yadda ma'aunin yake da tsauri. A 2008 suka samar da ɓeraye marasa galektin-7: an haife su lafiya, fatarsu ba ta nuna komai ba, sai da aka ji musu rauni ko aka haska musu UVB sannan gyaran ya rikice, rufewar rauni ta yi jinkiri. A 2015 suka yi akasin haka, suka sa fatar ɓeraye ta yi galektin-7 fiye da kima. Rauni ya sake yin jinkiri, riƙon da ƙwayoyin ke yi wa juna kuma ya yi sako-sako. Rashi ya ɓata, yawa ma ya ɓata.

A cututtukan kumburin fata ne abin ya fi cakuɗewa. Egzima, cutar ƙaiƙayi da bushewar fata da ta fi addabar yara, tana tafiya ne da ɓangaren garkuwar jiki mai yin IgE. A 2009 Jun Saegusa da Liu suka dinga liƙa wa ɓeraye furotin ɗin farin ƙwai a fata har ta harzuƙa kamar mai egzima. Ɓerayen da ba su da galektin-3 fatarsu ba ta yi kauri kamar ta sauran ba, ƙwayoyin borin jini ba su taru sosai ba, IgE ɗinsu ma bai hau kamar na sauran ba. Mai karanta wannan zai ce an kama ɓarawo, a toshe galektin-3 a huta.

Sai soriyasis ta zo ta ɓata lissafin. Wannan cuta ce da ke sa fata ta yi faci-faci masu kauri da ɓawo fari-fari kamar azurfa, galibi a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da ita. Ƙwayar saman fata da ya kamata ta ɗauki kusan wata guda tana hawa daga ƙasa zuwa sama kafin ta zube, a soriyasis cikin 'yan kwanaki take ƙarasa tafiyar, ɗanya, ba ta nuna ba. A 2018 masu bincike a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka ruwaito cewa a facin soriyasis galektin-3 raguwa yake yi a ƙwayoyin saman fata, kuma rashinsa na sa su kira niyutirofil, ƙwayoyin garkuwar da ke fara isa fagen fama, su cika wurin. A 2021 ɗakin binciken Liu, a lokacin yana Taiwan, ya nuna galektin-7 ma raguwa yake yi a wannan faci, kuma raguwarsa na ƙara wa saƙon kumburi na IL-17 ƙarfi, saƙon da magungunan soriyasis na zamani da yawa ke toshewa. Har suka gano wani tsohon maganin rage kitsen jini mai suna fluvastatin yana ɗaga galektin-7, ya kuma sassauta cutar a ɓeraye.

To ga inda kai ke juyawa. Shekara guda kafin rahoton Guangzhou, a 2017, an buga sakamakon wani ƙaramin gwaji a Amurka inda aka yi wa masu soriyasis mai tsanani ƙarin ruwa na wani magani da aka ƙera domin ya toshe galektin-3, kuma fatarsu ta yi sauƙi da kusan rabi. Yaya za a yi rashin abu ya jawo cuta, toshe shi kuma ya kawo sauƙi? Abu na farko, mutum biyar ne kacal a gwajin, ba a kuma kwatanta su da waɗanda aka ba maganin bogi ba, soriyasis kuwa cuta ce mai tashi da kwanciya da kanta. Na biyu, maganin babban dunƙulen sukari ne mai yawo a jini, wanda ya fi samun galektin na waje da na ƙwayoyin garkuwa, alhali wanda aka ce ya ragu na cikin ƙwayoyin saman fata ne. Yana yiwuwa dukkan rahotannin biyu gaskiya suka faɗa, kowanne a kan nasa ma'aikacin.

Da ƙwayoyin cuta ma haka zancen yake, wani wuri soja, wani wuri ɗan leƙen asirin abokan gaba. Galektin-3 yana kama wani sukari da ke bangon kandida, naman gwarin da ke kama lungunan fata masu damshi, kuma an nuna yana iya kashe ta kai tsaye. A cikin ƙwayar halitta, idan bakteriya ta fasa jakar da aka kulle ta a ciki, sukarin da ke fuskar cikin jakar yakan bayyana a wurin da bai kamata a gan shi ba, sai galektin ya yi caa a kansa ya kira masu share ɓarna. Wannan, a ganina, shi ne bayani mafi gamsarwa na dalilin ajiye mai karanta sukari a ɗakin da babu sukari: mai gadi ne da aka ce masa duk ranar da ka ga wannan abu a nan, an fasa katanga. Amma stafilokokus, bakteriyar da ke kawo maruru da ƙuraje masu mugunya, tana da almakashin da ke datse masa jela, kamar yadda masu bincike a Suwidin suka nuna a 2017. Leshmaniya mai haddasa gyambon fata, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa, ita ma tana kama shi ta datse. A kuturta kuwa, ɗakin binciken Robert Modlin a Los Angeles ya ruwaito a 2013 cewa galektin-3 ya fi yawa a fatar masu nau'in da ƙwayar cutar ke bazuwa ko'ina, fiye da masu nau'in da jiki ya killace ta a faci kaɗan, kuma yana hana wasu ƙwayoyin garkuwa zama masu kai rahoton da ke tayar da sojojin da suka dace.

Ciwon daji ya iya amfani da wannan dangi. An san tun 1995 cewa galektin-1 yana iya kashe ƙwayoyin garkuwa na T da suka ɗaura ɗamarar yaƙi. A 2004 ɗakin binciken Gabriel Rabinovich a Ajantina ya nuna melanoma, sankarar ƙwayoyin da ke ba fata launi, tana fesa galektin-1 a kewayenta domin ta kashe masu zuwa kama ta, kuma da aka hana ta yin sa sai jikin ɓera ya fi ƙarfinta. Galektin-3 ma an danganta shi da yaɗuwar melanoma da tsirowar jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita.

Inda kamfanonin magani suka zuba kuɗi sosai ba fata ba ne, tabon cikin jiki ne. Tun 2006 masu bincike a Edinburgh suka nuna ɓerayen da ba su da galektin-3 hantarsu ba ta yin tabo kamar ta sauran idan aka yi mata lahani, daga baya aka ga haka a huhu. Makurofej ne ke fitar da shi ya tayar da ƙwayoyin da ke saƙa kolajin, zaren furotin da tabo ke ginuwa da shi, su yi ta saƙa ba tsayawa. Mai nazarin fata dole ya kasa kunne a nan, domin tabo mai tudu da cutar da ke sa fata ta sandare duk matsalar saƙar da ta wuce kima ce. Kamfanin Galecto na Denmark ya ƙera maganin shaƙa mai cike lungun sukarin galektin-3, ya gwada shi a masu tabon huhu. A watan Agustan 2023 ya sanar cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ya dakatar da aikin. Har yanzu babu wani maganin toshe galektin da likitocin fata ke rubutawa.

Wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar mai shirin sayen garin ɓawon lemo da ake tallatawa a intanet da sunan mai toshe galektin-3. Hujjar da ake kafawa da shi yawancinta daga kwanon gwaji da ɓeraye take. Ko da a ce yana toshewar, sai a tambaya: wanne zai toshe, mai tayar da tabo ko mai taimakon rarrafen fata? Rage shan sukari ma, duk da amfaninsa ta wasu fuskoki, ba ya taɓa wannan lamari kai tsaye, gwajin idon ɓera ya riga ya nuna galektin bai san sukarin rake ba. Alaƙar da ke akwai ta bayan gida ce: a jikin mai ciwon sukari, sukarin jini da ya daɗe a sama yana mannewa a furotin ya lalata su, galektin-3 kuma yana cikin masu kama irin waɗannan lalatattun, abin da ya sa masu nazarin gyambon ƙafar masu ciwon sukari ke bibiyarsa.

Gwajin jini na galektin-3 yana nan, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2010, amma domin masu ciwon gazawar zuciya. Masu duba tsokar da aka yanko ma suna rina shi domin ya taimaka musu rarrabe ƙullutun maƙoƙo mai hatsari da marar hatsari. Ga fata kuwa lambar jinin ba ta faɗin abin kirki, domin zuciya, da ƙoda, da hanta, da kitse duk suna zuba nasu a cikin jinin, kuma ba ta nuna abin da ke faruwa a cikin ƙwayar saman fata, inda rabin aikin yake.

Galektin-7 ne ya fi dacewa da zama shaida, saboda zaman gida da yake yi. Akwai wata mummunar cuta da wasu magunguna ke tayarwa, ciwon Stevens-Johnson da babbar yayarsa, wato nau'insa mafi tsanani, inda saman fata ke mutuwa ya saɓule kamar na wanda ya ƙone, tare da cikin baki da ido. A kwanakin farko tana kama da ƙurajen magani na yau da kullum, zazzaɓi da jajayen ɗigo, kuma a waɗannan kwanakin ne likita ke buƙatar sanin wanda zai sallama da wanda zai kwantar. A 2019 masu bincike a Japan suka ruwaito cewa galektin-7 na hawa a jinin masu wannan cuta fiye da na masu ƙurajen magani marasa hatsari. Wuraren da cutar ke ci, fata da baki da ido, su ne daidai wuraren da wannan furotin yake zaune, don haka idan ya yi yawa a jini an san daga inda ya zubo. Gwajin bai shiga asibitoci ba tukuna, sai an maimaita shi a marasa lafiya masu yawa, a ƙasashe daban-daban, an kuma tsayar da lambar da za a ce daga nan hatsari ya fara.